Tsohon doki sai mai shi

In ka ɗauki ƴan littattafan da ƙungiyarmu ta fitar ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ware waƙoƙin soyayya, waɗanda su kam ba su da abokin takara, abu biyu za ka tarar suna ta dawowa. Na farko Tasawa ta da, birnin ayari, ƙofar ƙasar Hausa ga mai fitowa daga hamada, wadda wai yau rairayi ya cinye. Na biyu tsohon gwani: ɗan kokowar da ya girgiza fili jiya, yau yana dogara sanda, ko zabiyar da muryarta ta dushe, ko makaɗin da kalangunsa ke rataye gara na ci. Kusan duk rubutun nan wuri guda yake ƙarewa, wai duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Mai karatu ya girgiza kai, ya ce Allah sarki, ya juya shafi.

Ni wannan "Allah sarki" ɗin nake da magana a kanta. Ba na musun cewa duniya na juyawa. Abin da nake cewa, karin maganar ta zama marfin da marubutanmu ke rufe tukunya da shi tun kafin su leƙa su ga abin da ke ciki. Da ka ce "haka duniya take" ka sallami kowa, ba wanda ya yi komai, ba wanda za a tambaya. Alhali garin nan da tsofaffin nan akwai abubuwan da suka same su, masu suna da shekara, kuma da yawansu mutane ne suka zauna suka yanke su.

Mu fara da garin. Gaskiya ne Tasawa ta yi zamani. A watan Janairu na 1851 Bature Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso nan bayan ya biyo ayarin gishirin Abzinawa ya ratso Damargu. Bayan watanni cikin duwatsu da rairayi, a Tasawa ya fara ganin cikakken garin Hausa, kuma ya rubuta yadda cikar garin da walwalar mutanensa suka burge shi, har soyayyar farar da ya gani a kasuwa bai manta ba. Daga nan ya yi kudu, Katsina da Kano. Ke nan arzikin garin a bisa hanya yake: mai gishiri da dabino daga arewa yana neman hatsi da tufafi, mai tufafi daga kudu yana neman gishiri, Tasawa na tsakiya tana cin moriyar kowa. Wannan shi ne abin da waƙoƙinmu ke kira "albarka", ba tare da sun faɗi daga ina take zuwa ba.

To mi ya karkatar da hanyar? A 1912 jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da bakin teku. Hajar da raƙumi ke ɗauka wata da watanni ta hamada sai ta koma shigowa ta Ikko cikin ƴan kwanaki. Turawan Faransa da na Ingila kuma sun riga sun ja iyaka tsakaninmu da Katsina, abin da da yake tafiyar dangi ya zama ƙetare. Duk da haka Tasawa ta riƙe bariki, nan kumandan yake zaune, har 1927 da aka ɗauke mazaunin mulkin aka kai Maraɗi. Inda kumandan ya zauna, nan kantunan Turawa suka bi, nan cinikin gyaɗa ya kafu, nan alhazai suka taso. Maraɗi ta hau, mu muka zama garin da mota ke tsayawa a sha ruwa a kan hanyar Damagaram.

Bayan haka ma ba a bar mu haka nan ba. Gyaɗar da ta riƙe ƙauyukan Tasawa da Mayahi ta durƙushe bayan farin 1973 da 1974. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har kakanninmu suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Ku lura da wannan sunan. Tsofaffin da ba su shiga lakwal ba sun gane cewa yunwarsu tana da hannun mutum a ciki, suka sa mata sunan wanda ya rufe ƙofa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa. A Agustan 2019 aka sake rufe iyaka fiye da shekara guda, a 2023 aka kuma. Kowace rufewa akwai ɗan kasuwar da ya karye, akwai saurayin da ya ɗaure ƙunshinsa ya yi Agadas, ko Jado wajen zinariya, ko Libiya. Na duba ko zan samu ɗaya daga cikin waɗannan a waƙoƙin "Tasawa ta da", ban samu ba. Kullum rairayi ne mai laifi, don shi ba ya ramawa.

Shi ma rairayin ƙage muke yi masa rabi da rabi. Duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Mayahi da idonsa a buɗe ya ga gawo tsaitsaye cikin gonaki. Tun wajen 1980 da wani abu manoman jihar Maraɗi suka koma barin tohon itace in suna sassabe, suna gyara shi har ya zama bishiya, kuma yau daga ƙasashen waje ake zuwa koyon dabarar. A Gulbin Kaba har gobe mata na yankar kaba suna saƙa tabarma da igiya, da ita ake sayen cefane da littafin ɗan lakwal. Ban ce hamada ba ta matsowa ba, kuma ban ce ƙasa ba ta gaji ba. Amma wanda ya rubuta cewa komai ya bushe ya mutu, ya share aikin ubansa na shekara arba'in da layi guda don waƙarsa ta yi daɗin kuka.

Kuma wai gari ya mutu. Wane gari? Tasawa ta yau ta fi ta zamanin Barth mutane nesa ba kusa ba. Unguwanni na ta cin gonaki, kabu-kabu ya cika titi, damina na yi tafkunan cikin gari su tumbatsa su shiga gidaje. Ciwon garin nan na mai girma ne da rigarsa ta yi masa kaɗan: yara sun yi yawa, aji ya yi kaɗan, mai takarda ya gama ba aiki, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonta. Wannan ciwon ya fi wuyar rubutawa, don ba ya zuwa da raƙuma da faɗuwar rana. Sannan ita Tasawa ta da ɗin, mu daina yi mata wankan tsarki. Zamanin ayari zamanin hari ne da bauta, mutum ma haja ne a hanyoyin nan. Wanda ke begen wancan lokaci ya tabbata a wane gefen igiya kakansa yake.

Akwai wani abu kusa da mu da ya isa ya koya mana hankali game da suna da shahara. A Yulin 1899 tafiyar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga yamma, ta ƙare a ƙasarmu. A Dankori Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, bayan ƴan kwanaki sojojinsu suka juya musu suka kashe su a wajen Maijirgi. Kaburburansu na nan, baƙi na zuwa ɗaukar hoto. Har labari ake bayarwa cewa a 1923 wani jami'in Faransa da ke Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su aka tarar ba kowa. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, sunan sarauniyar Lugu ya zaga duniya, kuma ta cancanta. To mutanen ƙauyukanmu da aka kashe a wannan tafiya fa, wa ya san sunan ko mutum biyar? Jikokin jikokinsu na nan da rai, wasu ajinmu guda da su. Makasa na da kabari mai alama, waɗanda aka kashe kuwa sai a bakin tsofaffi, su kuma tsofaffin kullum raguwa suke.

Wannan ya kawo ni ga tsofaffin gwanaye. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukarsa, kokowa ta zama abin da ke tsayar da Nijar cik. Jiharmu ta ba da Labo Mai Kafo, ta ba da Umaru Bindigau. An sa wa filayen kokowa sunayen manya: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Wannan karramawa ce, ban raina ta ba. Amma ku lura da yadda ake nuna tsofaffin ƴan kokowa in gasa ta zo. A jera su cikin manyan riguna, kyamara ta bi fuskokinsu, mai sharhi ya yi musu kirari na minti biyu, a tafa, a koma kan samari. Tambayar da ake yi musu ba ta wuce "Baba, ya ka ga yaran yanzu?" Shi kuma ya san amsar da ake so, ya ce Allah ya yi musu albarka. Mutumin da ke ɗauke da ilimin shekara talatin a jikinsa an mai da shi ado, kamar tsohon takobi a bangon zaure.

Wani salon kuma ya fi wannan muni, shi ne na waya. A samu tsohon gwani kwance ba lafiya, a kunna masa kyamara a fuska, a nuna ɗakin da ya tsage da kwanon da ba komai, a watsa a WhatsApp da Facebook a ce a taimaka. Wani lokaci taimakon na zuwa, alhamdu lillahi. Sai dai mutuncin da aka zubar ba ya dawowa, kuma bayan sati biyu an manta an koma kan wani. A Kano ma haka abin yake. A 2022, da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa irin ɗan abin da ake biyanta bayan shekaru tana fim, ƴan Kannywood suka yi ta cacar baki, wasu na kare kansu, wasu na tara mata kuɗi. Ƙura ta lafa, tambayar ta zauna inda take: sana'ar da ke cin ƙuruciyar mutum, mi ta tanadar masa in ƙarfi ya ƙare?

Rubutunmu ya kwafi salon nan biyu ne kawai, kirarin tele da kukan waya. A cikin labaran da na karanta, tsohon ɗan kokowa ba ya magana sai nishi. Ba a faɗa mana nawa ya samu, wa ya ci, ina kuɗin suka tafi. Alhali duk wanda ya taso kusa da fili ya san kyautar ɗan kokowa ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai malamin da ya yi masa addu'a, akwai mai ba shi sa'a, akwai makaɗa da maroƙa, akwai yaran da ke riƙe masa kaya, ga dangi da suka ji a rediyo sun taho. In ya hana a ce marowaci ne, kuma gwani marowaci ba ya da waƙa. Shekarun ƙarfinsa ba su da yawa, gwiwa da baya kuwa sai sun karɓi bashinsu. Ba albashi, ba fansho. Wanda ya yi dabara ya sayi gona da shanu tun da wuri ya tsira, wanda bai yi ba ya shiga uku. Labari na nan a cikin wannan lissafin, mai ciwo fiye da duk wani "Allah sarki", amma sai an je an tambaya ake samunsa.

Bara da kaka na raka wani kawuna wani ƙauye arewa da Mayahi, muka sauka gidan wani tsoho da aka ce a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba a duk yankin. Bai taɓa zuwa gasar takobi ba, ba hotonsa ko ɗaya. Na ce, "Baba, an ce da ku ne maza." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, bar wannan zance, maza na nan yanzu ma. Abin da babu shi ne dandali." Na ce ban gane ba. Ya ce da in an gama girbi samari na gida, ciki ya cika, ƙauye ya aika wa ƙauye goron gayyata, a kwana ana kiɗa ana karawa, wanda ya yi kaye a ba shi dami ko ɗan akuya, ƴan mata su yi masa guɗa. "Yanzu ana ɗaure dami na ƙarshe yaro ya hau mota. Wa za ka kama, inuwarka?" Daga nan ya miƙe da ƙyar ya nuna mini yadda ake karanta ƙafar abokin karawa, inda nauyinsa yake, da lokacin da numfashinsa ke yankewa. Minti goma ya yi yana bayani, ban taɓa jin mai sharhin tele ya faɗi rabin haka ba.

Ku duba abin da tsohon nan ya yi. Cikin magana uku ya haɗa abin da marubutanmu suka raba gida biyu. Abin da ya kwashe samari daga ƙauye shi ne ya kashe dandalin, gonar da ta kasa ciyar da gida da hanyar kasuwar da ta kauce su ne suka bar gwani ba magaji. Haka makaɗa da zabiyoyi: biki ya koma na mai lasifika da katin waya, wanda ya fi arha kuma ba ya roƙo, sannan wa'azin da ya yi ƙarfi a jihar nan tun wajen 1980 ya sa gidaje da dama sun daina kiran makaɗa, wasu makaɗan da kansu suka ajiye. Ko mutum na ganin hakan gyara ne ko asara, magana ce da ta cancanci a rubuta ta a fili, da bakin waɗanda abin ya shafa. A littattafanmu kuwa kalangu na rataye ne kawai, kamar shi ya rataye kansa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a zamanmu na ƙarshe. Wai waƙa ba tarihi ba ce, mawaƙi ba ɗan jarida ba ne, kuma yabon manya da begen da al'adarmu ce. Na yarda waƙa ba rahoto ba ce. Amma ku saurari makaɗan maza na gaske, irin Sagalo a fagen kokowa, ko Ɗan Anace da ya yi wa Shago waƙa a fagen dambe. Yabonsu cike yake da sunaye: wa aka kayar, a wane gari, ɗan wane ne, wa ya tsorata ya ƙi fitowa. Shi ya sa waƙarsu ke tayar da tsikar jiki, don mai ji ya san abin ya faru. Kirarin gaske bincike ne, maroƙi sai ya san asalinka kafin ya buɗe baki. Namu yabon kuwa za ka iya cire sunan Tasawa ka sa Tanut ko Dakwaro, ka cire ɗan kokowa ka sa ɗan dambe, ba abin da zai canza. Rubutun da ya dace da kowa bai san kowa ba. In al'ada muke karewa, to al'adar ta fi mu ƙwazo.

Wasu kuma za su ce tona irin waɗannan abubuwa rashin kunya ne, yaro ba ya tambayar babba kuɗinsa ko kurakuransa. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na kiran kowa ya je ya tsare tsoho da tambaya kamar ɗan sanda. Akwai yadda ake yi. Ka je da goronka, ka gaida shi, ka zauna ƙasa, ka koma sau biyu sau uku kafin ka fito da takarda. Abin da ya ce kar a rubuta, kar a rubuta. Amma ku sani, yawancin tsofaffin nan ba tambaya ke ɓata musu rai ba. Sun gaji ne da masu zuwa su ɗauki hotonsu su tafi ba su tambaye su komai ba. Gwani kuma mutum ne, ya yi kaye an kuma kayar da shi, wataƙila ya yi almubazzaranci, wataƙila ya zalunci wani. In muka goge duk wannan muka bar waliyyi mai farin gemu, mun sake binne shi tun yana da rai.

Hausawa na cewa tsohon doki sai mai shi. Mu ne masu shi. Ba wani daga Yamai ko Faransa da zai zo ya rubuta mana ɗan kokowar Urafan ko zabiyar Kanambakashe, in ma ya zo kaburburan Maijirgi zai fara nema. Akwai cibiyar CELHTO a Yamai da aka kafa don adana tarihin baka, akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, amma ba su da ƙafafun da za su shiga kowane ƙauye. Mu muna da su, kuma kowane hutu can muke komawa.

Don haka ga shawarata ga littafinmu na gaba. Kowane ɗan ƙungiya ya nemi tsoho guda ko tsohuwa guda a garinsu wanda ya taɓa yin suna a wani abu: kokowa, kiɗa, waƙa, langa, fatauci, tuƙin babbar mota, ko ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin gari. Ya tambaye shi wa ya koya masa, mi ake biyansa, yaushe abin ya fara ja da baya, kuma a ganinsa mi ya jawo. Ya rubuta da Hausar tsohon, in ya ce "shina" kar a gyara masa zuwa "yana". Ƴan'uwa mata su shiga cikin gidaje inda mu ba mu iya shiga, don rabin labarin na can. In an buga, a kai wa kowane tsoho kofinsa a karanta masa a gaban iyalinsa, in ya ce an yi kuskure a gyara a bugu na gaba. Wanda ya dawo daga wannan aiki yana son ya yi waƙar bege, bismilla, ya yi, a lokacin ya san abin da yake bege. Kuɗin hoton takarda dai kamar kullum, kowa ya kawo nasa kafin ƙarshen wata.